Bashin Inna a Bakin Teku

Sanyin Disamba ya kama Jos sosai a makon, irin wanda ke sa mutum ya tsaya yana kallon butar alwala kafin ya yi ƙarfin halin zuba ruwan a hannu. Na dawo daga masallaci da asuba na leƙa ɗakin Inna in gaishe ta, na tarar da ita gaban kaskon garwashi, ta ƙudundune cikin bargo, carbi a hannu. Muka gaisa, ta tambayi yara, sannan ta yi shiru har na ɗauka ta koma lazimi. Ina shirin tashi ta ce, "Zauna. Akwai bashi a kaina."

Na koma na zauna. Inna ba mai cin bashi ba ce. Ko gishiri ta aro a maƙwabta, kafin la'asar ta mayar.

Ta ce, "Ka tuna Mama mai kifi? Ranar da za mu taso daga Badagiri kuɗin motarmu bai cika ba. Ita ta kwance bakin zaninta ta ba ni naira bakwai. Na ce zan aiko mata ta hannun direbobin albasa. Yau da gobe, yau da gobe, mahaifinku ya kwanta ciwo, sai ga shi an yi shekara arba'in. Kwana uku ke nan ina mafarkinta. Kai ne babba, kai ka san wurin. Ka je ka biya ta. Ba na so in kwanta dama da hakkin mutane a wuyana."

Na ce, "Inna, in kuma ta rasu fa?"

"Ba ta haihu ba ne? Ai hakki ba ya mutuwa."

A Jos aka haife ni, amma a Badagiri na yi wayo. Ina shekara biyar Baba ya kwashe mu zuwa can, ƙarshen jihar Legas ta yamma, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Sana'arsa saukar da albasa da busasshen barkono da dankalin Turawa daga Arewa, motocin da za su koma kuma ya ɗora musu kwakwa. Masu sayen kayansa da yawa daga ƙetare suke zuwa, daga Kwatano da Porto-Novo, tunda Seme na nan kusa. A 1984 aka yi canjin kuɗi aka kuma rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai bayan kusan shekara biyu. Ciniki ya tsaya cak, albasa ta yi tsiro a buhu, Baba ya ce mu tattara mu koma gida. Shekarata goma a lokacin, kuma tun daga ranar ban sake ganin teku ba.

Naira bakwai ta wancan zamani ba ta wasa ba ce, don a farashin gwamnati naira ɗaya ta fi dalar Amurka. Inna ta san da haka sarai. Ta ce kada in kuskura in miƙa wa baiwar Allah naira bakwai ta yau, wadda ko ashana ba za ta saya ba. Ta sa aka sayar da tunkiyarta, ta ƙulle kuɗin a leda ta naɗe da ƙyalle, ta haɗa da turmin atamfa da mudu biyar na acca da rabin buhun dankalin Bokkos. Na ce dankalin nan zai yi nauyi a hanya. Ta ce, "Tana son shi. Ba ya yi a ƙasarsu."

Ranar Asabar da sassafe motarmu ta bar Jos. Wanda ya saba hanyar ya san inda jiki ke fara jin an bar tudu: Hawan Kibo, inda kunne ke toshewa, direba ya yanke hira ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Kafin Akwanga kowa ya tuɓe rigar sanyinsa. Keffi, Abuja, Abaji, sai gadar Kwara kafin Lokoja, mata na bin mota da soyayyen kifi a faranti. Daga Okene daji ya fara duhu. Ibadan kuwa fitilunta kawai na gani. Na kwana wajen wani ɗan'uwanmu da ke sayar da raguna a Alaba Rago, washegari na hau motar Badagiri.

A kan wannan titin, da ya bi ta Okokomaiko da Agbara ya nufi Seme, na taɓa ganin abin da har yau bai bar idona ba. Farkon 1983 ne, lokacin da aka ba baƙin da ba su da takardun zama 'yan kwanaki su bar Najeriya. Kusan mutum miliyan ɗaya 'yan Ghana suka kama hanya, kuma da yawansu ta gabanmu suka wuce, wasu a saman tirela, wasu a akori-kura, wasu a ƙafa, ɗauke da katifu da jakunkunan nan masu zanen dara da har yau ake kira da sunan ƙasarsu. Baba ya kafa randa biyu a bakin titi, ya sa ni da ƙanena muna ɗebo ruwa muna cikawa tun safe har magariba. Wata mata ta sha, ta wanke wa jaririnta fuska da ragowar, ta ɗora hannunta a kaina ta faɗi wata magana da yarensu. Ina zaune a mota ina duban inda nake tsammanin randunan suka tsaya, sai na ga gidan mai ne a wurin.

Hancina ya riga idona isa garin. Tun ba mu kai shataletalen shiga gari ba iska ta kawo min gishiri da hayaƙin itace da ƙarnin ɗanyen kifi da jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa, duk a haɗe. Baƙo zai ce wari ne. Ni kuwa ƙirjina ne ya cika, na ji kamar in na waiwaya zan ga Inna da ƙuruciyarta tana tafe da kwando a ka.

Gidan da muka yi haya babu shi. Inda ɗakinmu yake an yi shagon sayar da wayoyi, an sare mangwaron ƙofar gida, rijiyar tsakar gida an rufe ta da siminti. Masallacin unguwa ne kaɗai na gane, shi ma an yi masa tayil. Na yi azahar a ciki, na nufi kasuwar Agbalata, layin 'yan albasa, don na san in dai akwai mai tuna mu to a can yake. Na yi sallama ga wani dattijo mai farin gemu da ke zaune a kan buhu yana ɓare goro, na faɗa masa sunan Baba. Ya daɗe yana dubana.

"Mai albasa na Jos? Dogon nan? Allahu akbar! Kai ne yaron da ke biye da shi da allo a hammata?"

Ya tambayi Baba, na ce ya kai shekara ashirin da rasuwa. Ya ajiye goron ya ɗaga hannu, 'yan layin suka taya mu, muka yi masa addu'a a nan tsakiyar kasuwa. Da na kawo zancen Mama mai kifi sai ya girgiza kai. Ya ce, "Ta daɗe da rasuwa, ɗana. Amma 'yarta na nan tsallake, a Gberefu, sana'ar uwar take yi." Ya ƙwala wa jikansa kira, wani saurayi haifaffen garin wanda Yarbanci da Egun suka fi Hausa zama a bakinsa, ya ce gobe da safe ya raka ni.

Da yamma na bi titin bakin ruwa da ƙafa. Badagiri ba a kan teku take kai tsaye ba. Akwai wani dogon ruwa kwantacce, mu kogi muke ce masa, da ya taso daga wajen Legas ya bi ta gaban garin ya wuce har Porto-Novo. Bayansa sai siririn tudun yashi cike da itatuwan kwakwa, bayan tudun kuma sai teku. Wannan shimfiɗa ita ta yi garin: kwale-kwale na yawo lafiya a ruwa mai kwanciya, manyan jirage kuma su tsaya can baya su jira kaya. 'Yan ƙasa Egun ne, sarkinsu Akran ake ce masa, kuma harshensu ɗaya da na mutanen Porto-Novo.

Duk gine-ginen titin nan na san su, amma sanin yaro, wato inda ake samun inuwa da inda mai gadi ke kora. Ga benen 'yan mishan da aka gama a 1845, wanda ake nuna wa baƙi a matsayin bene na farko a Najeriya. Na hau matakalarsa ta katako, na ga ɗakin da malamin mishan Bayarabe Samuel Ajayi Crowther ya zauna da tsohon Baibul na Yarbanci a cikin gilashi. Na ce wa mai yi mana bayani, cikin mutunci, na farko a irin ginin Turawa dai, domin hasumiyar Gobarau ta daɗe da tsayuwa a Katsina kafin a aza tubalin wannan. Ya karɓi gyaran ba tare da musu ba. Can ciki kaɗan akwai alamar da aka kafa inda itacen Agia ya tsaya, wanda a ƙarƙashinsa wani ɗan mishan, Thomas Birch Freeman, ya yi wa'azin Kirista a 1842, itacen kuma ya faɗi a 1959. Ga kuma tsohon ofishin Di'o na 1863, shekarar da garin ya shiga hannun Ingila, yanzu gidan tarihi ne.

A makaranta a Jos an koya mana cewa wani Bature matafiyi, Clapperton, ya je Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, amma ban taɓa haɗa wannan labari da garin da na yi wasan ƙasa ba. Ashe a ƙarshen 1825, a tafiyarsa ta biyu, nan ya sauka shi da baransa Richard Lander. Suka bi ta Katunga, wato tsohuwar Oyo, suka ƙetare Kwara a wajen Bussa, suka shiga Kano, suka kai Sakkwato, inda ya rasu a 1827. Lander ya komo Badagiri, 'yan Fotugal masu fataucin bayi suka zarge shi da leƙen asiri, aka ba shi guba ya sha don a gane gaskiyarsa, ya sha ya kuma tsira. Wanda ya fi tsaya min a rai a cikin ayarin shi ne tafintansu, Bagobiri mai suna Abubakar, Turawa na kiransa Pasko. An taɓa sayar da shi bawa, jirgin Ingila ya ƙwato shi a teku, sai ga shi ya sake taka ƙasar Hausa da ƙafarsa. Hanyar da ke tsakanin Arewa da wannan gaɓa tsohuwa ce ƙwarai. Baba da albasarsa ba su suka buɗe ta ba, kuma ba duk wanda ya biyo ta ne ya biyo da son ransa ba.

Gidan Seriki Williams Abass ya nuna min haka ƙuru-ƙuru. Sunan kansa ya isa Bahaushe ya tsaya: Seriki ai sarki ne namu da bakin Yarbawa ya juya, don shi ne shugaban Musulmin garin a zamaninsa, ya rasu a 1919. Shi kansa an taɓa sayar da shi bawa, ya dawo ya zama dillalin bayi ga 'yan Brazil. Mai bayani ya ce ɗakuna arba'in ne a gidan, kowanne ana cusa mutum arba'in su jira jirgi. Na shiga ɗaya daga cikin waɗanda aka bari yadda suke. Bai kai ɗakin girkin Inna ba. Taga ɗaya ce can sama, faɗinta bai fi allon yaro ba. Na roƙi a ja min ƙofar, ni kaɗai a ciki, kuma kafin minti biyu zufa ta jiƙa min riga, numfashina na dawo min daga bango. A gidan tarihin zuri'ar Mobee kuma aka ɗora min sarƙar wuya in ji nauyinta, ƙarfen ya yi sanyi duk da zafin garin. Na iya jure wannan. Da idona ya faɗa kan wani ɗan ƙaramin mari, wanda ba zai shiga ƙafar babba ba, sai na ajiye sarƙar na fita waje. A daren ban iya cin tuwon da dattijon nan ya aiko min ba. Mutumin da ke alwala ya fuskanci alƙibla sau biyar a yini, ɗakunan nan kuma na bayan ɗakinsa, shi na kwana ina juyawa a rai.

Da safe muka hau kwale-kwale mai inji, saurayin ya ɗora dankali a gaba ya zauna a kai. Kainuwa ta rufe bakin ruwan, mai tuƙi yana ture ta da sanda. 'Yan mintoci muka yi muka sauka a Gberefu.

Nan ne aljannar ƙuruciyata, ba ni da wata kalma da ta fi wannan. Ranar Alhamis da Juma'a, da babu makarantar allo, Mama mai kifi kan taho da mu idan za ta sari kifi wajen masunta. Ƙauye ne na bukkokin ganyen kwakwa, yashi fari sol har cikin ɗaki, awaki na kwance ƙarƙashin kwale-kwalen da aka kife. Masunta kan kai taru can cikin teku su zagayo, sannan maza su jeru a kan igiya biyu suna ja da baya da baya, suna waƙa, mai ba da waƙa na kaɗa ƙarfe. Mu yara mukan kama wutsiyar igiyar mu ma mu ja, in taru ya fito a ba kowa 'yan ƙananan kifi a tafin hannu, mu gasa a ɓawon kwakwa mu ci da garin rogo. Mukan bi kaguwa har raminta. A nan na fara ganin Zangbeto, dodon Egun mai gadin dare, kamar bukkar ciyawa ta tashi tana juyi ita kaɗai, na ruga na ɓuya a bayan zanin Mama, ita kuma tana dafa kaina. Yanzu an sami gidajen bulo jefi-jefi da 'yan acaɓa masu jiran baƙi, amma yashin bai canja ba, haka kukan teku da ake jiyowa tun kafin a gan shi.

Hanya ɗaya ce ta ratsa tudun daga kogi zuwa teku, tafiyar kamar minti ashirin a cikin yashi. A gefenta akwai wata rijiya. Duk lokacin da muka zo wucewa Mama kan kama hannuwanmu ta matse, ta ce da 'yar Hausarta, "Ba sha! Ba sha!" 'Yarta ce ta fassara mana cewa wanda ya sha ruwan zai manta hanyar gidansu. Da muka koma Jos aka riƙa tsorata mu da kududdufan kuza, ana cewa akwai mai jan ƙafa a ciki, sai na haɗa rijiyar da su a kwando ɗaya, na ɗauka dabara ce ta manya don kada yaro ya faɗa ruwa.

Saurayin ya tsaya a bakinta ya ce, "Baba, wannan ita ce rijiyar mantuwa." Ya ce mutanen wurin sun gāji labarin cewa a nan ake tsayar da bayi a ba su ruwan su sha, an yi masa asiri, don su manta garinsu da iyayensu kafin su kai jirgi. Na leƙa. Bakinta gajere ne, bai kai gwiwata ba, ruwan ya yi baƙi, busassun ganye na yawo a kai, fuskata da hulata na rawa a tsakaninsu. Shekara biyar ina bin wannan hanya a guje, ina tsalle, ina cin kwakwa, ban san a kan sawun wa nake gudu ba.

Cikin waɗanda aka kora ta irin wannan hanya akwai namu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, da rushewar daular Oyo, sun cika kasuwanni da kamammu, aka riƙa miƙa su hannu zuwa hannu har tashoshin wannan gaɓa, Badagiri da Ikko da Porto-Novo da Wida, daga nan sai Bahia a Brazil. Ingila ta haramta cinikin a 1807, amma jirage ba su daina zuwa ba sai da Brazil ta rufe ƙofarta a 1850. Kuma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: Bature a bakin ruwa ya tsaya. Hannayen da suka kama mutanen nan a gona da rafi, suka ɗaure su, suka yi cinikinsu a kasuwa, irin namu ne, wasu ma da yarenmu suka yi cinikin.

In dai don su manta aka ba su ruwan, to bai ci su ba. A 1807 Hausawa bayi suka shirya tawaye a birnin Salvador na Bahia, aka tona asirinsu kafin ranar. A 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi, yawancinsu Yarbawa tare da Hausawa, suka fito titunan birnin sanye da fararen riguna. Da aka murƙushe su, an sami layu a jikinsu da takardu masu ayoyin Alƙur'ani da suka rubuta da hannunsu. Mutumin da aka raba da sunansa da rigarsa da uwarsa, ya ƙetare teku a ɗaure, ya sauka da Fatiharsa a ka, har ya sami tawada ya rubuta ta. Na tsaya a bakin rijiyar ina tunanin wane malami ne ya koya musu, a wace tsangaya, ko a Gobir ko a Zazzau ko a Katsina, da kuma uwar da ta yi ta duban hanya har ta mutu.

A ƙarshen hanyar an gina alama, ana kiran wurin inda ba a dawowa. Na wuce ta na cire takalmi na shiga har ruwa ya taɓa idon sawuna. Teku na tasowa kamar bango ya faɗi, ya ja yashin da ke ƙarƙashin ƙafata. Babu jirgi, babu tsibiri, babu komai har inda ido ya tsaya. Na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya na ba su, waɗanda suka isa da waɗanda aka jefa a ruwa. Saurayin ya ajiye buhu ya ɗaga hannu tare da ni.

Gidan da muke nema yana can gefen ƙauyen, hayaƙi ne ya nuna mana shi. Wata dattijuwa na tsaye gaban gangar banda, tana juya kifi a kan waya da hannu, idanunta sun yi ja. Saurayin ya yi mata bayani da Egun. Ta dube ni daga hula har ƙasa ba ta ce komai ba, sannan ta sunkuya ta ɗaga ƙafar wandona ta hagu. Tabon yana nan, inda fasasshiyar kwalba ta yanke ni ina shekara bakwai, ita ce kuma ta goya ni a ranar tun daga bakin teku har kwale-kwale. Ta saki ƙara ta kira sunan da suke kiran Inna da shi, Iya Jos, ta riƙe hannuna da hannayenta biyu masu ƙaurin hayaƙi. Sai ta ce da Hausa, tiryan-tiryan yadda Inna ta koya mata shekara arba'in da suka wuce, "Ina kwana? Lafiya lau. Ina gajiya?"

Ta shimfiɗa min tabarma, aka sare min ɗanyar kwakwa. Na kwance ƙyallen na ajiye a gabanta tare da atamfa da acca da dankali, na faɗi abin da ya kawo ni. Da aka fassara mata sai ta ture kuɗin. Ta ce uwarta ba ta taɓa kiran wannan bashi ba. Abin da ta riƙa faɗa har ta tsufa shi ne, lokacin da jaririnta ya rasu, maƙwabciyarta Bahausa ce ta kwana uku a ɗakinta, tana dafa mata abinci tana ba ta a baki. Inna ba ta taɓa ba mu wannan labari ba.

Na ce a faɗa mata, "Yaya, in na koma da kuɗin nan Inna ba za ta yi barci ba."

Na kira gida, aka kai wa Inna waya, na buɗe murya kowa na ji. Na gaya mata Mama ta rasu, ga 'yarta a gabana. Ta yi salati, ta yi shiru, ina jin tarin da sanyi ke sa ta. Sannan ta ce, "'Yata, na riƙe hakkin uwarki shekara arba'in. Ki karɓa, ki yafe min, ki roƙa min 'yan'uwanki su yafe min." Saurayin ya juya maganar. Dattijuwar ta share ido da gefen zani, ta tambaye shi yadda ake faɗa da Hausa, ya gaya mata, ta matso bakinta kusa da wayar ta ce, "Na yafe, Mama." Ta ɗauki kuɗin ta ce za ta raba da ƙannenta biyu. Daga nan suka shiga hira, ɗaya da Hausa ɗaya da Egun, yaron na tsakiya yana ta kai da kawowa, ana tambayar wa ya mutu, wa ya yi aure, har katina ya ƙare.

Ba ta bar ni na taso hannu rabbana ba. Kwakwa goma sha biyu, kwalbar man kwakwa, da bandar kifi da ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya ta naɗe a takardar siminti. Ta rako mu har bakin kogi, ta hanyar nan dai, kuma da muka zo daidai rijiyar na ga ta ratse gefe ta ba ta tazara, yadda uwarta ke yi.

Kwana biyu bayan haka muka hau Hawan Kibo da yamma, kowa na laluben rigar sanyinsa a jaka. Na isa gida bayan isha'i. Inna na nan gaban kaskonta. Na ajiye kayan, ta jawo ƙunshin takardar ta buɗe, ta kai hancinta ta daɗe a haka idonta a rufe. Ta gutsuri kifin kaɗan ta sa a baki.

"Har yanzu da ɓawon kwakwa suke banda," ta ce. Can kuma ta ɗago. "Rijiyar nan tana nan?"

"Tana nan, Inna."

"Ba ka dai sha ba?"

"Ban sha ba."

Ta gyaɗa kai, ta ƙwala wa 'yata kira ta kawo faranti, ta fara kasa kifin kashi-kashi, tana faɗin sunan gidan da za a kai kowanne da safe.